Batakarin Alhaji Isiyaka

Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci, samari uku ko huɗu sukan biyo ni ofis. Ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin kayan miya a titin Gate City Boulevard, nan Greensboro ta Amurka, ƙamshin daddawa da busasshen kifi na hawowa ta matakala. Ba ni suke zuwa gani ba, sanyin na'ura suke so da shayin da nake dafawa. Makon jiya Bashir, wanda yake karatun kasuwanci a jami'ar da ke kusa da Glenwood, ya miƙe ƙafa a kujerar baƙi ya ce, "Baba Sabo, ni fa aikinku nake so. Waya ce kawai. A ce miliyan kaza, ka ce a ƙara, a sa hannu, ka ɗauki rabonka." Wani kuma ya nuna batakarin da ke rataye a bayan ƙofa, cikin ledar masu wanki, ya ce, "Ita kuma wannan rigar, Baba, ta sayarwa ce? Shekara nawa muna ganinta, ba ka taɓa sawa ba." Na ce su sha shayinsu. Amma tunda sun tambaya, ga amsa a rubuce, su karanta a wayar da suke ganin ita ce sana'ar.

Cinikin farko da na tsaya a kansa na bijimi ne, ba na ɗan wasan ƙwallon kwando ba. An haife ni a Zariya, aka kai ni Kumasi wurin kawuna, dillali a kasuwar shanu. A hannunsa na koyi kalmomin nan uku da har yau nake cin abinci da su: tayi, albarka, sallama. Na koyi yin shiru bayan mai saye ya faɗi kuɗinsa. Kawu yana da doka ɗaya da ba ya karyawa: wanda ya fara taya dabba, ba a sayar da ita a bayan idonsa. Ko wani ya ninka kuɗin, sai ka taka ka same shi ka gaya masa. Ku riƙe wannan dokar, za mu dawo kanta.

Daga Kumasi na je Abidjan, na koyi Faransanci a tashar mota. Wani dogon yaro ɗan unguwarmu ya samu kulob a Faransa, ba ya jin yaren, aka ce in raka shi wata uku. Shekara bakwai na yi. Wani tsohon ejan Bafaranshe, wato dillalin 'yan wasa, ya riƙe ni ina ɗaukar jaka, ina nemo wa 'yan wasa ɗaki da mahauci na halal, ina zama a gefe in ana ciniki. Faransawa sai an ci abinci awa uku kafin a ambaci kuɗi, shi ma sai da kofi. A Turkiyya, inda na ƙara shekara huɗu, shugaban kulob shi ne komai: idan fuskarka ta yi masa, kafin shayi ya huce an gama. Da na zo Amurka na tarar ba abinci ba ne, ba fuska ba ce. Littafi ne.

Littafin nan shi ne babban kayan aikina. Yarjejeniya ce tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa, ta fi bulo kauri, kuma duk bayan 'yan shekaru sai a sake ta, ka koma ɗalibi da furfurarka. Sai takarda mai layi, wadda nake zana gidan kowane kulob a kai da fensir, don tawada ba ta gogewa. Abin da nake rubutawa shi ne wannan: kowane kulob yana da iyakar albashin da zai biya 'yan wasansa gaba ɗaya, kamar rufin ɗaki. Wanda yake da fili a ƙarƙashin rufin, shi ne zai iya ɗauko baƙo da tsada. Wanda ya cika ɗakinsa, an yarda ya wuce rufin don ya riƙe nasa ɗan gida, amma idan ya wuce da yawa, haraji mai zafi na jiransa. Saboda haka ba wanda ya fi son ɗan wasanka kake nema ba. Wanda yake da fili a watan Yuli kake nema, kuma a mafi yawan shekaru ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Mafi wuya a cikin littafin shi ne abin da ni nake kira talala. Yaro ya gama kwantiraginsa na farko, kulob ɗinsa ya miƙa masa tayin shekara ɗaya, wanda doka ta ƙayyade kuɗinsa. Da wannan takardar sun ɗaura masa doguwar igiya a ƙafa. Yana iya zagaya kasuwa, yana iya sa hannu a tayin wani kulob, amma na gida suna da kwana biyu su ce, "Mun biya daidai wannan," shi ke nan yaro ya dawo. A kwana biyun nan kuɗin masu tayin a kulle yake, ba su iya sayen kowa, alhali kasuwa na watsewa. To wane mai hankali ne zai kulle kuɗinsa? Sai wanda ya yarda cewa yaron na son tafiya, kuma na gida suna iya sakin igiyar. Duk sana'ar a wannan shakkar take. Idan shakka ta mutu, tayi ya mutu.

Jalil shi ne ɗan wasa ɗaya tak da na taɓa kaiwa babbar gasar ƙasar nan. Sauran duk Turai nake tura su, da Asiya. Ɗan Alhaji Isiyaka ne, mutumin zangon Kumasi, wanda ya shekara ashirin yana tuƙa babbar mota daga nan Greensboro. Na fara ganin yaron a wani filin siminti a Glenwood, ƙafafu kamar na raƙumi, yana tare wa manya hanya ba ya magana. Ni na nemo masa makaranta, ni na zauna da shi a asibiti lokacin da aka yi masa aiki a gwiwa a shekararsa ta biyu ta ƙwararru. Ranar da Alhaji ya ba ni shi, a falonsa, cewa ya yi, "Malam Sabo, ni mota na sani. Ga amana."

Yanzu sai Nura. Ɗan Kano ne, lauya, ya zo mini da digirinsa yana ɗan shekara ashirin da bakwai ya ce yana son koyon littafin. Shekara biyu yana zaune a kujerar nan da Bashir yake miƙe ƙafa. Abin da ya ɗauke ni shekara goma, shi a damina biyu ya haɗiye. Takardata ta fensir ya mayar cikin kwamfuta, ya danna abu ɗaya, lissafin kulob talatin ya fito. Bai taɓa ɗaukar jakar kowa ba. Bai taɓa yawon neman mahauci cikin dusar ƙanƙara ba. Wani babban kamfanin ejan ya ɗauke shi, suka ba shi ofis mai gilashi, ya fara zuwa masallaci da motar da ba a jin ƙararta. Idan ya gan ni har ƙasa yake rusunawa, "Malam, barka da Juma'a." Ladabin nan nasa ya fi komai ci mini rai, don ban taɓa samun inda zan kama shi ba.

Shekarar da Jalil ya shiga talala, na shirya mata tun kafin ta zo. Da bazara kulob ɗinsa suka taya shi shekara huɗu a kuɗin da bai kai darajarsa ba, na ce albarka. Akwai wani kulob a yammacin ƙasar da ke da fili a ƙarƙashin rufi, suna neman dogo mai tsaro irinsa. Shekara guda ina shayar da mataimakin manajansu magana, kaɗan-kaɗan. Na tsara tayin da fensir: kaso mai kauri a biya tun farkon shekara, shekarar ƙarshe zaɓi a hannun yaro, ƙarin kuɗi idan aka sayar da shi. Na gida suna dab da layin haraji, kowane sharaɗi ƙaya ne a maƙogwaronsu. Idan sun biya, Jalil ya zauna da kuɗinsa. Idan sun saki, ya tafi da kuɗinsa. Ban taɓa ɗinka abu mai kyau kamarsa ba.

Saura mako biyu a buɗe kasuwa aka yi suna a gidan wani ɗan Ghana a Pleasant Garden. Ana cin waakye, shinkafa da wake irin ta Ghana, a ƙarƙashin rumfa, Alhaji Isiyaka ya ce a gaban mutane yana son ya je ya gai da manajan kulob ɗin Jalil.

"Mutumin nan ya yi mana halacci," in ji shi. "Da aka yanka gwiwar yaro, da ƙafarsa ya zo asibiti. Da tsohuwata ta rasu, shi ya ce yaro ya bar wasa ya tafi Kumasi. Yanzu a ce muna neman wani gida a bayan idonsa? Sai mu je mu gode, mu gaya masa gidansa muke so."

Na buɗe baki zan ce a bari sai bayan an sa hannu. Wallahi abin da zan faɗa ke nan. Sai Nura, wanda ke zaune a ƙarshen tebur, ya riga ni.

"Baba, ku yi haƙuri, amma kada ku je. Idan manajan ya ji haka, babu kulob ɗin da zai taya Jalil. Ku bari Yuli ya wuce."

Alhaji ya ajiye cokali. "Ɗan wa ne wannan?"

"Nura ne, Alhaji, lauyan nan," wani ya ce.

"Lauya. Shi ya sa. Yaro, godiya ma sai an duba kalanda?" Aka yi dariya. Ya juyo gare ni. "Malam Sabo, kai da ka tashi a hannun dillalan Kumasi, me ka ce?"

Na dubi Nura da agogonsa. Abu ɗaya nake da shi wanda ba shi da shi, shi ne ni na gida ne, na san yadda ake shiga falon dattijo. Idan na ce gaskiyar Nura ce, a gaban jama'a na zama mai maimaita karatun ɗalibina. Sai na ce, "Alhaji, kawuna bai taɓa sayar da sa a bayan idon mai tayin farko ba. Yaran yanzu littafi suka sani, ba su san mutane ba. Za mu je."

Nura ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam."

Tafiyar awa shida muka yi a mota, Alhaji ya ƙi jirgi, shi ya tuƙa. A bayan mota akwai batakari saƙar hannu, fari da shuɗi, wanda ƙanwarsa ta aiko daga Tamale, da ƙullin goro. Duk hanya ina gaya wa kaina zan iya sarrafa zancen, in bar godiya ta fita, in riƙe sauran. Jalil yana baya da abin sauraro a kunne. Sau ɗaya ya cire ya tambaye ni da Turanci ko na tabbata wannan ba zai ɓata komai ba. Na ce ya bar wa manya.

Abin da ban lissafa ba shi ne al'adar zango. Alhaji yana jin Turanci sarai, da shi ya yi shekara ashirin a hanya. Amma magana mai nauyi dattijo ba ya faɗinta kai tsaye, sai ta bakin wani. Da muka zauna a ofishin manajan, ya gyara hula ya ce, "Malam Sabo, gaya masa." Ya yi Hausa, ni ina juyawa.

"Gaya masa mun gode da asibiti."

Na gaya masa.

"Gaya masa yaron nan ɗansa ne."

Na gaya masa.

"Gaya masa ko nawa wani ya zuba, mu gidansa muke so. Ba ma son yaro ya je ko'ina."

Na ce da Turanci iyalin suna jin daɗin garin ƙwarai. Alhaji ya ɗaga yatsa.

"Ba haka na ce ba, Malam. Faɗa masa yadda na faɗa."

Harsuna shida nake ji, babu wanda ya ba ni mafita a ɗakin nan. Da bakina na faɗa, kalma bayan kalma. Manajan mutumin kirki ne, har idonsa ya kawo ruwa. Ya zura batakarin a kan rigarsa, ya rungume Alhaji, ya ce Jalil ɗan gida ne, duk wanda ya taya shi ko nawa ne za su biya daidai. Aka kira mai hoto. Kafin mu kai Greensboro kulob ɗin ya sa hoton a shafinsa.

Washegari da hantsi mataimakin manajan yamma ya kira ni. "Sabo, na ga rigar. Ta yi masa kyau." Na fara bayani, ya katse ni cikin ladabi. Ya ce ba za su kulle kuɗinsu kwana biyu don su rubuta wa wani kulob kwantiragi ba. Da aka buɗe kasuwa, a kwana uku suka kashe filinsu a kan wani dogo ɗan Turai wanda Jalil ya fi shi komai. Na kira sauran masu fili, kowa ya ga hoton. Kafin tsakiyar Yuli na goge gidajen takardata ɗaya bayan ɗaya har ta huje.

Sai na gida suka dawo da tayinsu. Ya yi ƙasa da wanda na ce wa albarka da bazara. Na tuna wa manajan maganar ɗan gida. Ya ce har gobe ɗan gida ne, amma shi alkawarin da ya yi na biyan daidai da tayin wani ne, ina tayin? Ban ga laifinsa ba. Ni ma da a kujerarsa nake haka zan yi. A Istanbul da batakarin nan ya ƙara mana kuɗi. A nan rage mana ya yi, kuma na san haka tun kafin mu tayar da mota.

Zaɓi biyu ya rage wa Jalil: ya karɓi shekara huɗu da araha, ko ya karɓi tayin shekara ɗaya, ya buga, igiya ta tsinke, baɗi ya zama mai cikakken 'yanci. Ya zaɓi shekara ɗaya, a kan gwiwar da aka taɓa yankawa. Wannan ita ce muguwar shekarata. Ban kalli ƙwallo ko sau ɗaya ba, gwiwa nake kallo. Duk tsallen da ya yi sai na ga yadda ya sauka. Na nemo masa inshora, na nemo masa mai gasa ƙafa, na bi shi garuruwa goma sha. Wata rana a watan Fabrairu ya faɗi a ƙarƙashin kwando ya riƙe ƙafar, ya yi kamar minti ɗaya bai tashi ba. Da a nan ta ƙare, da abincin gidan Alhaji na shekara ashirin ya tafi saboda maganar da na yi a ƙarƙashin rumfa. Ya tashi. Ya gama shekarar da wasan da bai taɓa yin irinsa ba.

A watan Mayu, da la'asar, na ji takun mutum biyu a matakala. Alhaji ne da Jalil, Alhaji riƙe da leda. Na dafa shayi. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi zancen zafi. Sannan Alhaji ya ce, "Malam Sabo, yaro yana son ya koma hannun lauyan nan. Na ce masa ba za mu yi a bayan idonka ba. Kai ka fara riƙe shi, dole mu tako mu gaya maka."

Dokar kawuna ce, ba ƙari ba ragi.

Na ce, "Alhaji, ai kai ka ce a je."

"Ni na ce. Amma ni direba ne, na gaya maka tun farko. Yaron can ya faɗa mini gaskiya na zage shi. Kai da na tambaya, ka san gaskiyar?"

Jalil yana kallon ƙasa. Na ce, "Na sani."

"To." Ya miƙo ledar. "Medaase, mun gode, Malam. Ka yi wa yaro wahala, ba mu manta ba." Batakari ne, fari da shuɗi, saƙa ɗaya da na manajan.

A Yulin nan Nura ya kai Jalil kulob ɗin yamma, wanda na shekara ina shayarwa. Na karanta sharuɗɗan: kaso mai kauri tun farko, zaɓin shekarar ƙarshe, ƙarin kuɗi idan an sayar. Ɗinkina ne, har inda na saba sa allura. La'adar wannan kwantiragin ita ta saya wa Nura gidan Pleasant Garden mai filin da doki zai yi sukuwa. Ni har yau ina Glenwood, ɗalibai na jingina kekunansu a shingena. Yana gaya wa mutane, "Duk abin da na sani Malam Sabo ne ya koya mini," kuma da gaske yake, ni kuwa da ya yi shiru ya fi mini.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wanda na ji daga baya. Bayan an sa hannu da mako guda, Nura da kansa ya ɗauki Alhaji a motar nan marar ƙara, suka yi tafiyar awa shida, suka je suka yi wa tsohon manajan godiya da ban kwana, da goro da komai. Nuran ne ya yi tafinta. Ashe yaron da na ce bai san mutane ba, ya san a je. Lokacin zuwan kawai ya fi ni sani, ko in ce ya fi ni iya faɗa.

Don haka, Bashir, idan kana son aikin, littafin yana nan a kan tebur, ka zo ran Litinin da fensir. Za ka iya haddace rufi da haraji da talala a shekara biyu, an taɓa yi a kujerar nan. Abin da ba na iya koya maka shi ne ranar da wanda ba ka so zai riga ka faɗin gaskiya a gaban jama'a, a juyo a tambaye ka.

Rigar kuma ba ta sayarwa ba ce. Sau ɗaya na gwada ta, ranar da aka kawo, bayan sun sauka. Daidai ni take, kafaɗa da tsawo. Na tambayi Alhaji daga baya yadda aka yi ya san awona. Ya ce shi bai sani ba, sai da ya tambayi Nura.